Garar da Na Gani Na Yi Shiru

Ƙofar Marusa,
Katsina.

Zuwa ga ɗana Bishir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka tashi lafiya. Ya baƙunta, ya sabon wuri, ya aikin ofis, ya zaman kaɗaici? Innarku na gaishe ka, ƙannenka ma duk suna gaishe ka. Allah ya tsare fitarka da shigarka, ya sa ka shiga gidan nan a sa'a, ya kare ka daga sharrin mai tafiya da ƙafa biyu da mai jan ciki. Amin.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga wurina alhali gari ɗaya muke kwana. Ba nisan unguwarka Kambarawa ne ya sa ba. Bakina ne ya kasa. Sau biyu kana zuwa gaishe mu tun da ka tare, sau biyun ina buɗe baki sai in ji na koma tambayarka ruwa da wutar lantarki.

Kafin ka ci gaba da karatu, aje takardar nan ka shiga ɗakin kwananka. Innarku ta ce mani kwalin da ka zuba takardun shaidar karatunka yana ƙasa, a kusurwar da ke ƙarƙashin taga. Ɗauke shi yanzu-yanzu, ka buɗe, ka zazzage, ka duba su ɗaya bayan ɗaya, ka ɗora bisa tebur a tsakiyar ɗaki. Akwai gara a kusurwar nan. Na gan ta da idona tun ranar da muka je duba gidan, yau kusan sati uku ke nan, kuma ban faɗa maka ba.

To, idan ka dawo, zauna ka ji yadda aka yi ubanka, maginin da ya shekara ashirin yana riƙe da cokalin gini, ya ga gara a ɗakin ɗanshi ya haɗiye maganar.

Ka tuna ranar. Ina kan aiki, ƙafafuna furu-furu da siminti, sai ga Baffanka Sada, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, ya faka sabuwar motarshi, babbar riga na ta ɗaukar ido. Kai ka fito da sauri ka zagaya ka buɗe mashi ƙofa. Ni ban taɓa samun wanda ya buɗe mani ƙofa ba, don keke ba shi da ƙofa. Ya ce, "Yaya, shigo mu je ka ga gidan da na samar wa yaron nan." Na samar! Kalmar nan na yi ta juyawa a raina tun daga nan har Kambarawa. Da muka isa, mai gidan ya tare shi hannu biyu, ranka ya daɗe, ranka ya daɗe, har yana rusunawa. Ni kuwa kan yatsu ya miƙo mani, yana kallon wani wuri. Tun da sojoji suka koma bariki aka rantsar da farar hula, duk wanda ya san Sada na shiga wurin manya sai rawar jiki yake mashi. Shi ya kai takardunka aka ɗauke ka aiki, shi ya nemo gida, shi ake wa godiya. Ni an ɗauko ni ne kamar yadda ake ɗauko tsoho a kai shi ɗaurin aure, ya zauna ya shafa fatiha.

Kuna falo kuna yaba fanka da tagogin gilashi, ni na shige ɗakin kwana. Idon magini ba ya kallon fenti, ƙasa yake kallo. Katakon nan da aka bi gindin bango da shi, wanda muke ce ma sikatin, na ga ya rabu da bango, har ɗan yatsa zai shiga tsakani. A kusurwa kuma ga wani siririn zanen jar ƙasa ya taso daga tsagar ya hau bango kamar tsawon yatsa biyu. Na sa babban yatsan ƙafa na murje shi. Ga su nan farare, suna ta gudu. Daidai lokacin Sada ya leƙo ya ce, "Yaya, ya ka gani?" Kai kana bayanshi kana kallon bakinshi, ba nawa ba. Na taka wurin da ƙafata na rufe, na ce, "Ba laifi."

Ba mantuwa ba ce, Bishir, kada Innarku ta gyara mani zance. Kishi ne. A raina cewa na yi, bari dai gidan da Alhaji Sada ya samo ya nuna halinshi, in ga ko babbar riga na maganin gara. So nake wata rana ka zo da gudu ka ce, Baba, gidan da Baffa ya zaɓa ya lalace, zo ka duba. Ban tsaya na tuna abin da za ta ci kafin ranar ta zo ba. Sai shekaranjiya Innarku na ba ni labarin yadda ka shirya ɗakin, ta ce katifa nan, rediyo nan, kwalin takardu kuma can ƙarƙashin taga. Wallahi tuwon da ke hannuna ban iya kai shi baki ba.

Dalilin da ya sa na firgita haka, ba ka san shi ba, don ban taɓa ba ku labarin ba. Kun tashi kun gan ni magini, kuna zaton da cokali aka haife ni. A'a. Lokacin da farar hula suka karɓi mulki karon da ya wuce, shekara ashirin ke nan, ina matashi sabon aure, ina da takardar gama aji bakwai da ta koyon buga tafireta. A unguwarmu kaf, ni ake kawo ma wasiƙa in karanta. Sada kuwa, ni na koya mashi haɗa baƙi, da dundu da ranƙwashi, don kanshi ba ya ɗaukar karatu sai an sha wuya. Muka kama hayar ɗaki ɗaya ni da Innarku, daɓen siminti, abin alfahari a lokacin. Sai dai daɓen ya ja baya ya bar bango, tsaga ta zagaye ɗakin. Kyankyasai da kiyashi suka maida wurin hanyar kasuwa. Innarku ta aje sukari, kafin ta juya ya yi baƙi.

Ni mai ilimi sai na ce zan yi maganin abin. Na tara tsofaffin jaridu, na dama sitacin da take sa ma kayana, na jiƙa takardun a ciki, na bi tsagar nan ina cusawa da tsinke har na zagaye ɗakin. Ya bushe ya yi ƙarfi, na shafe da farar ƙasa. Na kira Innarku na ce, "Zo ki ga aikin boko." Ta duba ta ce, "Malam, ba abinci ka ba su ba kuwa?" Na ce mata ta tsaya ga tukunyarta. Ashe ita ce mai gaskiya. Takarda da sitaci, ai walima na shirya masu, har da shimfiɗa.

Don haka abu na farko, kada ka toshe tsaga da abin da ƙwaro ke ci. Ban da jarida, ban da tsumma, ban da kwali, ban da auduga, ban da sabulu. Abokan aikinka za su ba ka shawarwari iri-iri, kowa da tashi dabarar. Ka ce masu ka gode, ka wuce. Tsakanin daɓe da bango siminti ake sawa: awo ɗaya na siminti, biyu na yashi mai laushi wanda aka tankaɗe da rariya, a kwaɓa da ɗan tauri. Ka fara yayyafa ma tsagar ruwa, in ba haka ba busasshen bango zai shanye ruwan kwaɓin ya bar maka gari. Ka tura shi ciki sosai da bakin cokali, kada ka shafa a sama kawai don ido. Tsakanin katako da bango kuwa siminti ba ya riƙewa, saboda katako na kumbura da damina ya tsuke da rani, sai ya tsage ya zube. Wurin nan foti ake sawa, irin wanda masu gilashi ke liƙe taga da shi. Akwai shi a Babbar Kasuwa wajen masu kayan gini. Ka murza shi a tafin hannu ya yi laushi, ka danna da babban yatsa.

Wauta ta biyu ta fi ta farko. Inda ido ke gani kawai na bi. Gadon ƙarfen Innarku da akwatin katakon da nake aje takarduna suna jingine da bango, na ji ƙyuyar jawo su. Na ce ai nan ba wanda zai leƙa. Gaskiya ne, ba mutumin da ya leƙa. Damina ta sauka, ƙasa ta jiƙa, gara ta taso ta tarar da jarida mai sitaci, ta ci ta ƙoshi, ta bi layi har bayan akwati. Ta huda shi ta ƙasa. Daga waje akwatin nan lafiya lau, har ƙyalli yake, don kullum sai Innarku ta goge shi.

Ana nan sai aka yi shelar sabuwar gwamnati za ta ɗauki akawuna, kowa ya kawo takardunshi. Na yi wanka, na sa kaftanina mai sitaci, na jawo akwati in ɗauki takardu. Ina ɗaga shi gindin ya zauna a ƙasa, murfin ya biyo hannuna. Abin da ke ciki ƙasa ce, jar ƙasa mai danshi, da 'yan guntayen takarda kamar an tauna an tofar. Na tona da yatsa na samu gefen takardar tafireta, inda hatimi yake. Sunana babu, sakamakon babu, sai hatimi. Innarku ta ɗora hannu a ka tana salati. Ni kuwa na zauna daɓas a ƙasa da kaftanin.

Saboda haka ka jawo komai tsakiyar ɗaki, katifa, akwati, kabad, buhun shinkafa, komai. Ka durƙusa ka bi gindin bangon da gwiwa, kana ƙwanƙwasa katakon da bayan yatsa. Inda ya yi ƙara tim, lafiya. Inda ya amsa kamar ƙwarya, an cinye cikinshi, fenti ne kawai ke tsaye. Kada ka tsaya a ɗakin kwana. Ka duba inda bututun ruwa ya huda bango a kicin da banɗaki, nan ne ƙofar kyankyaso. Ka duba ƙarƙashin ƙofar baya, in haske na shigowa to kunama ma za ta shigo. Kuma kada ka rufe tsaga da garar a ciki, don ba mutuwa za ta yi ba, wata hanyar za ta fasa inda ba ka zata. A kankare ginin da ta yi tukuna, a share, a zuba maganin gara ko kananzir, a buɗe tagogi, kada a kunna risho ko ashana a ɗakin ranar. A ba shi kwana biyu. Sannan ka zagaya bayan gidan ka ga daga ina take tasowa. Galibi za ka tarar da tsohon kututture, ko itacen girkin maƙwabta jingine da bango, ko famfo mai ɗiga. In ba a kawar da wannan ba, aikin ciki na wata uku ne.

Bayan an gama, ka bar taƙi guda tsakanin kayanka da bango, yadda tsintsiya za ta wuce. Takardu kuma akwatin ƙarfe, a bisa kabad. Ka kai a yi maka hotonsu ka kawo ma Innarku ta aje. A zamaninmu babu wannan injin, ku kun samu sauƙi. Kun samu sauƙin komai, in ana maganar gaskiya, har wani lokacin sai in ji haushinku.

E, haushi, har da kai. Tun da na fara faɗin gaskiya bari in ƙarasa. Ranar da ka fito da farar riga da biro a aljihu za ka fara zuwa ofis, na sa maka albarka, kuma har zuciyata na sa. Amma da ka juya baya sai na ji wani abu ya soke ni, don rigar nan tawa ce, ni ya kamata in sa ta tun kafin a haife ka. Ɗaki biyu da falo, famfo a cikin gida, kai kaɗai! Ni da Innarku da ku huɗu a ɗaki ɗaya muka yi shekara tara. Uba na kishin ɗanshi, ka taɓa jin wannan abin kunya? To ga shi ka ji, kuma a rubuce.

Wauta ta uku ita ce girman kai, kuma ita ta kashe ni, ba gara ba. Na je makarantar da na yi tafireta neman wata takardar. Aka ce shugaban ya yi tafiya, in dawo bayan sati biyu. Wani ɗan akawu a wurin ya tambaye ni me ya sami ta farkon, na ce gara. Ya ƙyalƙyale da dariya har yana buga tebur, ya kira na kusa da shi ya ce zo ka ji. Na fita ban sake komawa ba. Dariyar mutum ɗaya, Bishir. Da na koma bayan sati biyun nan, da wataƙila yanzu ni ke da mota. Sada ya kai tashi takardar ta aji bakwai, wadda ya aje a gwangwanin madara saboda ko akwati bai mallaka ba, aka ɗauke shi. Ya zo da murna ya ce, "Yaya, kai fa? Ban ga sunanka ba." Na ce mashi ni ba zan yi ma kowa bauta a ofis ba, sana'ar hannu ta fi mani daraja. Ya yarda. Har yau bai daina faɗa ma mutane cewa yayanshi ne ya ƙi aikin gwamnati don ra'ayin kanshi ba, yana faɗa yana alfahari, ni kuwa kamar ya watsa mani barkono.

Mai ɗakin da muke haya a lokacin magini ne, dattijo mai faɗa. Da ya ga abin da na yi ma ɗakinshi da jarida, ya zage ni tas. Ya ce, "Kai yaro, bakinka ciwo yake? Da ka faɗa mani ai da rabin kwanon siminti na gama maka." Bayan ya huce ya ga ina zaune ba aiki, ya ce in biyo shi in riƙa miƙa bulo. Haka na zama magini. Ban raina sana'ata ba, ita ta ciyar da ku, ita ta kai ka makaranta. Amma ba zaɓa na yi ba, faɗawa na yi.

Abin da za ka ɗauka a nan, gidan haya ba naka ba ne, kuma ba a yi mashi aiki a ɓoye. Kafin ka ɓamɓare katako ko ka sa siminti, ka sami mai gidan ka gaishe shi yadda ya kamata, ka kawo shi ya gani da idonshi. In ka yi shiru ka gyara, ranar tashi zai ce kai ka ɓata. In ka yi shiru ba ka gyara ba, zai ce kai ka kawo garar a cikin kayanka. Kuma in abu ya lalace maka, ka faɗa da wuri, ko za a yi maka dariya. Dariya ba ta kai sati. Ni tawa kunyar na ɓoye, ga shi ta shekara ashirin tana cina, har ta kai ni ga taka gara da ƙafa a ɗakin ɗana.

Kada kuma ka ce za ka bari sai an kwana biyu. Ruwa ya fara sauka, yanzu ne lokacinta. Ga bikinka na matsowa. Ranar da dangin amarya suka zo jere, suka kafa gado da kabad da kwanuka suka manne da bango, ba mai sake matsar da su sai bayan shekara. In gara ta ci kayan ɗiyar mutane, ba ita za a zaga ba, kai za a zaga, a ce ɗan magini ne fa.

Yanzu saura abin da ya fi mani nauyi. Da na gaya ma Innarku abin da na yi, ba ta yi mani faɗa ba, na so ma ta yi. Ta dube ni kawai ta ce, "Malam, yaron ne ya yi maka laifi ko Sada?" Na ce ba ko ɗaya. Ta ce, "To tashi ka je ka gyara." Mai gidan naka ba zai saurare ni ba, ka ga irin hannun da ya ba ni. Mutumin Sada ne. Dole ta wurin Sada za a bi a sami izinin taɓa katakon. Rabon da in taka gidan ƙanena da wata buƙata tawa, na manta.

Jiya bayan la'asar na ɗauki kekena na tafi. Na tarar da ƙofar gidan cike da 'yan siyasa da masu neman alfarma, kowa da takarda a hannu. Na jingine keken na tsaya daga gefe, raina na ta tafasa, ina cewa dubi wai ni ne a layin Sada. Yana hango ni ya taso ya bar su, ya kama hannuna ya kai ni ɗakinshi na ciki, ya zauna a ƙasa ya bar mani kujera. Ko wannan ma haushi ya ba ni, don na so ya yi mani wulaƙanci in samu abin riƙewa.

Na ce, "Sada, gidan yaron nan akwai gara."

Ya zabura ya ce, "Subhanallahi! Yaushe ta shiga?"

Na ce, "Tana nan tun ranar da muka je. Na gani."

Ya dube ni ya ce, "Yaya, ka gani? To ai kai ka ce ba laifi."

Na ce na faɗa.

Ya ce, "Yaya, ni me na sani a gini? Ni fenti na gani da fanka. Gida biyu aka nuna mani, na rasa wanda zan ɗauka, shi ya sa na je har wurin aikinka na ɗauko ka. Na ce ma Bishir a mota tun kafin mu iso, duk abin da Babanka ya ce shi za a yi, in ya ɓata fuska mu tafi ɗayan. Da ka ce ba laifi, na ja shi gefe na ce karɓi makulli. Tun muna yara ban taɓa jin ka ce ma aikin wani ba laifi ba. Na ɗauka gidan ya fi kowane."

Bishir, ashe bakinshi da na ga kana kallo, jira kake ya maimaita maka abin da na ce. Ashe ba shafa fatiha aka kai ni ba, hukuncin aka ba ni, ni kaɗai, na yanke shi da ƙarya. Ba Sada ne ya sa ka a ɗakin gara ba. Ni ne.

Sada ya tambaye ni dalili, na ce wata rana zan faɗa mashi, kuma zan faɗa, har da labarin akwatin. Nan take ya aika aka gaya ma mai gidan, ya amince a yi duk abin da ya kamata. Har cewa Sada ya yi zai turo ma'aikata daga cikin masu yi ma gwamnati kwangila. Na ce a'a. Ya ce to shi zai zo ya riƙe mani kwanon siminti. Na ce rigarshi za ta ɓaci. Ba zan yi maka ƙarya in ce kishin ya fita ba, da na fito na ga motar sai da na kau da kai. Amma yanzu na san ciwona ne, ba laifin kowa ba.

Ban san abin da ka tarar a cikin kwalin ba. Tun shekaranjiya nake lissafin kwanakin, ina cewa sati uku da ruwa biyu, ta isa ko ba ta isa ba. Idan takardun na nan lafiya, Allah ne ya tsare, ba ni ba. Idan ta taɓa ko ɗaya, ka faɗa mani, ni zan je makarantar da ƙafata in tsaya a layi, duk mai dariya ya yi, ba zan taso ba sai da wata.

Duk abin da na rubuta maka a sama ya isa ka yi aikin da kanka, ko ka sa wani. Da gangan na rubuta shi dalla-dalla, don kada ya zama dole sai da ni. Amma ina roƙonka ka bar mani shi. Ranar Asabar da hantsi zan zo da siminti da foti da cokalina. Ba ni da makullin gidanka, kuma bayan abin da na yi ba ni da bakin neman shi. In na tarar da ƙofa a buɗe, zan shiga in durƙusa in bi gindin bangon nan kusurwa-kusurwa, yadda ya kamata in yi tun ranar farko. In na tarar da kwaɗo, zan aje kayan a bakin ƙofa in juya, kuma ba zan ga laifinka ba.

Ka yafe mani, ɗana. Ban taɓa ce ma ɗayanku haka ba.

Allah ya tsare ka, ya tsare abin da ka wahala ka samu. Allah ya sa gidan nan ya zame maka wurin hutawa, kai da iyalin da za ka aje a ciki. Allah ya yi maka albarka, ya ɗaukaka ka fiye da ni da Baffanka, ya kuma ba ni zuciyar da zan gani in yi murna. Amin summa amin.

Ka huta lafiya. Sai Asabar, in ka buɗe.

Ni ne mahaifinka,
Mannir magini.